Turken Hagu

Jiya da dare, bayan na tura jakata ƙarƙashin gado, na yi wani mafarki.

Sai na fara da maganar jakar, don har can ta bi ni. Mako biyar ke nan ina koyon walda a shagon Oga Lurwanu, kuma na gaji. Ba wani abu ya yi mini ba. Haka nake. Makaranta na bar ta a aji biyu na sakandare, ana tsakiyar jarrabawa. Na yi ɗinki wata uku, na yi gyaran waya wata ɗaya, na sayar da rake kwana tara. Duk inda na zauna sai tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi. Abokina Mudi, wanda yake kwandasta a tasha, ya ce in zo da sassafe akwai motar Fatakwal, zai ajiye mini kujera. Na ce to. Ban gaya wa Oga ba, ban gaya wa Inna ba. Ita Inna ko na gaya mata ba za ta ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yabona, ba ta ma kallona sosai in da mutane. In tana son yi mini magana, bango take fuskanta ta ce, "A gaya wa wancan abinci na hucewa."

To a mafarkin sai na tsinci kaina a wani ofis. Fankar silin tana tsaye cak, ɗakin ne ke juyawa a hankali. A bayan tebur akwai wata jar akuya da tabarau, tana buga hatimi a kan takardu da kofatonta. Duk takardar da ta buga wa hatimi sai ta ɗan ciji gefenta, ta ajiye.

"Tasi'u Haladu?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ƙasarku ta kira ka. Gobe za a fara gasar ƙwallon ƙasashe."

Ban yi mamaki ba. Na daɗe ina zargin wata rana za a gane ni. Na ce mata lamba tara nake bugawa, amma in da matsi zan iya riƙe gefe. Ta sauko daga kujera, ta auna tsawona da tef irin na teloli, ta ƙwanƙwasa ƙwaurina da cokali, ta kasa kunne. Sannan ta koma ta rubuta.

"Turken hagu," in ji ta.

Ta yi mini bayani ba tare da ta daina tauna ba. A ƙasar nan, shekara talatin da wani abu da suka wuce, ƙarafan raga suka gaji da tsayuwa. Suka yi taro, suka bar filayen wasa, suka je suka zama gadaje don su ma su kwanta. Tun daga nan kowace ƙasa ke zuwa da turakunta, mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikin turke shi ne ya tsaya. In ya matsa, raga ta ƙara faɗi daidai yadda ya matsa, kuma duk ƙwallon da ta bi ta gurbinsa ci ce.

Na gaya mata gaskiya. Na ce ranki ya daɗe, a duk ƙasarmu an ɗauko wanda ya fi kowa rashin dacewa, ni ko layin gidan mai ban taɓa bi har ƙarshe ba. Ta ce sun sani, yana cikin fayil ɗina. Ta buɗe fayil ɗin, ta zare shafin, ta cinye shi a gabana.

"Yanzu ba ya ciki," ta ce.

Ƙasashe huɗu ne a rukuninmu: mu, da Ƙasar Ƙarƙashin Kogi, da Ƙasar Inuwa, da Ƙasar Gobe. Kowa zai kara da kowa sau ɗaya. Wanda ya ci a ba shi kabewa uku, in an yi canjaras kowa ya ɗauki ɗaya. Biyun da suka fi tara kabewa su wuce zagaye na gaba. Biyun da suka rage su koma gida a ƙasa, kuma a riƙe musu taken ƙasarsu har shekara huɗu, in sun tashi rera shi sai dai su yi ta buɗe baki ba sauti.

Sai ga ni a fili.

Turken dama wani dattijo ne, Baba Mantau. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin. Kafin nan gadi yake yi a wata ƙofa da babu gida a bayanta. Shi ya naɗa mini gammo, ya ɗora mini a ka. Aka kawo doguwar gora aka aza, rabi a kansa rabi a kaina, aka rataya gidan sauro a bayanmu a matsayin raga. Ya ce mini in kula, gorar nan tamu ce mu biyu; in ɗaya ya fita, nauyin a wuyan ɗayan yake sauka.

Golanmu sunansa Ɗan'azumi, dogo, mai baki kamar reza. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi Baba Mantau ko wannan ne sabon turken ko kuwa aro aka yi kafin na gaske ya iso. Kocinmu kuwa Oga Lurwanu ne da kansa, da baƙin gilashin walda a fuskarsa. Bai nuna ya san ni ba.

An ba ni riga mai launin tutarmu. Babu lamba a bayanta, an dai rubuta HAGU. Da aka sa taken ƙasa, turaku ba sa rerawa don kada gora ta girgiza, amma na ji shi yana bi ta cikin ƙashina. Mutum dubu arba'in a tsaye saboda mu. A can sama, layi na goma sha biyu, na hango Inna zaune a kan 'yar kujerarta ta tsakar gida, da faranti a cinya tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba. Na ƙara miƙe wuya.

Wasan farko da mutanen Ƙarƙashin Kogi ne. Suna gudu ruwa na ɗiga daga jikinsu, bencinsu kuma babban baho ne, 'yan canji na zaune ciki har wuya. Ana minti ashirin aka fara ruwa. A garin nan daga ciyawa ruwan sama ke fitowa ya tafi sama, don haka 'yan kallo suka buɗe lemominsu suka zauna a kai. Ruwan ya shiga ta ƙafar wandona ya fita ta wuyan riga. Ban motsa ba. Muka zura ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci. A hutun ma ban motsa ba, sai da aka ba ni ruwa a baki da buta.

Ana saura minti goma a tashi na ji kiɗa a bayan filin. Na waiga da ido, ban ga komai ba. Wani ɗan kallo ya ce jirgin ƙasa ne ke wucewa a ƙafa, ya cire tayoyinsa ya rataya a kafaɗa. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Taku biyu kawai na yi, in leƙa ta ƙofar fita in dawo.

Gora ta karkace. Na ji Baba Mantau ya yi nishi. Ƙwallo ta zo a hankali, irin wadda ko kaza za ta tare, ta bi ta daidai inda sawun ƙafata yake, ta kwanta a cikin gidan sauro.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Jirgin ma ban gan shi ba, ya riga ya sha kwana.

Babu wanda ya zage ni, abin da ya fi ciwo ke nan. Kyaftin ɗinmu ya karɓo kabewa ɗaya maimakon uku, ya ajiye ta a tsakiyar ɗakin canza kaya, kowa ya zauna yana kallonta. Ɗan'azumi ya cire safar hannu ya ce, "Malam turke, da ka gaya mini za ka fita ai da na ba ka saƙo." Oga Lurwanu ya ce wa kyaftin, ba ni ba, ya san ni, ko ƙarfe ya ba ni in riƙe masa ya ɗiga wuta sai na leƙa titi. Baba Mantau na gefe ana shafa masa man zafi a wuya. Wuyan ya karkace zuwa hagu, wajena, kamar yana son ya tambaye ni wani abu.

Ni na je na tambaye shi. Na durƙusa na ce Baba, ya ake yi ƙaiƙayin ƙafar nan ya daina.

"Wa ya ce maka yana dainawa?"

"Kai fa shekara talatin da ɗaya."

"Yanzu haka yana yi mini, ɗan nan. Ta hagun ta fi."

Ya ce shi dai dabararsa ɗaya. In wasa ya fara yakan zaɓi tururuwa guda a cikin ciyawa ya bi ta da ido. Ita ta yi masa yawon, shi ya yi tsayuwar. Ya ce wata tururuwa ta taɓa kai shi har bakin teku ta dawo da shi kafin a hura usur.

Sai ga mu a wasa na biyu.

'Yan Ƙasar Inuwa ba sa shiga fili da kansu. Suna zaune a benci da kofunan shayi, inuwoyinsu ne ke bugawa. Da safe aka fara, inuwoyin dogaye, kowace ta kai tsawon motar itace, muka sha wahala. Ba a iya ƙwace ƙwallo a ƙafar inuwa, in ka kai mata ƙafa, ƙasa kake takawa. Oga Lurwanu ya ɗaga gilashinsa ya dubi rana, ya ce kowa ya koma baya a yi ta bugewa waje, a jira. Muka jira. Rana ta yi ta hawa, inuwoyin na gajarta, suka koma kamar tabarmi, suka koma kamar faifai. Da rana ta tsaya a tsaka duk suka gudu suka shige ƙarƙashin benci wajen masu su. Muka zura biyu a fili babu kowa. Za mu ƙara ta uku wata tsohuwa ta ratso ta tsakiyar fili da tulu a ka, 'yan wasanmu suka tsaya suka gaishe ta, suka jira ta wuce kamar yadda ake yi a unguwa, kafin nan lokaci ya cika.

Na tsaya minti casa'in cif. Tururuwata ta kai ni kasuwa, ta zaga da ni layin masu gishiri, ta dawo. Da aka ɗauke gora na dubi Baba Mantau ina jiran ya ce wani abu. Ya ce ba laifi, amma ƙwallo ba ta zo ba, kuma babu abin da ya kira ni. Tsayuwar da ba a kira mutum ba kowa ma zai iya. Na dubi layi na goma sha biyu. Inna ta gama da wake ta koma yankan kuɓewa.

Sai ofishin akuya kuma. Ɗakin ya ƙara saurin juyawa, saboda ranar lissafi ce.

An jera kabewar kowace ƙasa a jikin bango. Ƙasar Gobe shida, sun riga sun wuce. Mu huɗu. Ƙarƙashin Kogi ɗaya. Ƙasar Inuwa ba su da ko ɗaya, sai inuwar wata kabewa da aka ba su don kunya. Akuya ta yi mana bayani dalla-dalla. Wasanmu na ƙarshe da Ƙasar Gobe ne. In muka yi canjaras mun wuce. In aka ci mu, mutanen Kogi kuma suka lallasa Inuwa, za su kamo mu a kabewa su wuce mu da yawan ƙwallaye, mu kama hanyar gida a ƙasa, bakinmu ba take.

Kyaftin ɗin Ƙasar Gobe na wajen. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe mu da gajiyar wasan da ba mu buga ba tukuna. Su a ƙasarsu kullum gobe ce, duk abin da za mu yi yau su sun wuce shi jiya. Ya ciro jarida daga aljihu ya miƙa wa Oga Lurwanu, ya ce ba don cin fuska ba, don dai mu shirya kayanmu da wuri.

Oga ya karanta a fili. Ƙasar Gobe ɗaya, mu babu. An ci a minti na tamanin da takwas, bayan turken hagu ya bar raga ya shiga mota. Da hoto a ƙasa. Bayana ne, da HAGU a rubuce, da jakar nan tawa a kafaɗa.

Jaridar ta zaga hannu hannu. Ɗan'azumi ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce aƙalla na yi kyau ta baya. Wasu suka ce a canza ni. Akuya ta ce an rufe rajistar turaku, kuma ta cinye fom ɗin.

Da muka fito Oga Lurwanu ya ja ni gefe. A karon farko ya cire gilashin ya dube ni da idonsa. Injin waldarsa na biye da shi a baya kamar kare.

"Tasi'u, akwai hanya. In sa maka takalmin ƙarfe, in haɗe shi da ƙasa. Ɗigon walda huɗu, ba za ka ji zafi ba."

"A'a, Oga."

"Ka ga jaridar."

"Na gani. In ka liƙe ni, kai ka tsaya, ba ni ba."

Ya mayar da gilashinsa. Ya ce wa injin su tafi.

Dokar gasar ita ce wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya ake buga su, don kada wani ya yi dabara. Da yake filin garin ɗaya ne, sai aka kawo wani aka kifa shi a samanmu. In ka ɗaga kai za ka ga 'yan Kogi da inuwoyi suna gudu kai a ƙasa, kamar ƙudaje a silin. Aka hura usur biyu a tare.

'Yan Ƙasar Gobe ba su wahalar da kansu ba. Sun san sakamako, don haka suna ta ba juna ƙwallo a tsakiya suna hira. Golansu ma ya zo da tabarma. Minti talatin ruwa ya ɓarke daga ciyawarmu ya tafi sama, ya sauka a filin da ke kanmu. Mutanen Kogi suka samu abin da suke so. Inuwa kuwa ba ta rayuwa in babu rana. Kafin hutu an ci su uku, bayan hutu aka ƙara huɗu. Duk ƙwallon da aka ci a sama sai 'yan kallonmu su ɗaga kai, su sauke, su dube ni. Mutum dubu arba'in, kowa da jaridar gobe a cinya. Har masu tallan gyaɗa a cikinta suke ƙunshe gyaɗa, hoton bayana na yawo a hannun yara.

Na zaɓi tururuwata. Wata baƙa ce mai ɗauke da ƙwayar gero. Ta bi farin layi, ta wuce kwana, ta kai ni wani gari mai rijiyoyi a saman bishiya. Minti sittin. Minti saba'in. Gammo ya jiƙe, gora ta yi nauyi. Ina jin numfashin Baba Mantau ta cikin gorar.

A minti na tamanin da bakwai tururuwar ta shige rami ta bar ni.

Sai na ji hon.

Wata farar bas ta shigo ta ƙofar 'yan wasa, ta bi gefen fili, ta tsaya taku uku daga inda nake. Alƙalin wasa bai hana ba, ya ce tana cikin jarida. Mudi ne rataye a ƙofa, yana dukan jikin motar da tafin hannu.

"Saura mutum ɗaya. Mutum ɗaya mu tashi."

A duniya babu maganar da ta fi wannan ƙarfi a kaina. Ita ta fitar da ni daga aji, ita ta fitar da ni daga shagon tela da almakashi a hannu. Na tambaye shi ina za su, ban juya kai ba. Ya faɗi sunan wani gari da ban taɓa ji ba. Ya ce a can ba a kwana biyu a unguwa ɗaya, gidajen ne ke canza wuri da kansu. Ya ce kujerar gaba ya ajiye mini, ta jikin taga, kuma jakata tuni tana saman mota an ɗaure. Na saci kallo. Tana can kuwa.

"Tasi'u, an fa riga an buga a jarida. Ko ka tsaya, ka riga ka tafi. Shigo kada direba ya yi fushi."

Tafin ƙafata ya kama da wuta. Ba ƙaiƙayi ba ne kuma, wani abu ne kamar an zuba mini barkono a jini. Na ji takalmana suna motsi. Na danna su, suka zame. Na dama ya fita da kansa, na hagu ya bi shi. Suka taka ciyawa ɗaya bayan ɗaya, suka hau bas, suka zauna a kujerar gaba ta jikin taga.

Ni ina nan, ƙafa ba takalmi, cikin ruwan da ke tashi sama.

"Baba," na ce, "yana yi mini."

"Ni ma," in ji Baba Mantau.

Mudi ya leƙa cikin mota, ya ƙirga, ya ce to mota ta cika. Ya buga ƙofa suka tafi.

Ɗan wasan gaban Ƙasar Gobe bai ko ɗaga kai ba. Ya karanta jarida, ya san inda ƙofa take. Agogo na nuna tamanin da takwas ya ja ƙwallo, ya wuce mutum biyu, Ɗan'azumi ya fito ya faɗi ta dama. Mutumin ya saki ƙafa da dukkan ƙarfinsa zuwa gurbin da turken hagu ya bari.

Na ga ƙwallon tana zuwa. Na ga ɗinkin jikinta. Ina da lokacin kaucewa har sau uku.

A goshi ta same ni. Ƙarar da ta fita ba ta nama ba ce. Ƙarar ƙarfe ce, irin wadda ake ji in Oga ya jefar da bututu a kan siminti, ta zaga filin ta hau na sama ta dawo. Gora ta yi rawa a kanmu, ta zauna. Ƙwallo ta koma har tsakiyar fili.

Filin ya yi tsit. Sai aka fara jin wani ɗan ƙaramin sauti, kamar ana zuba gero a faranti. Baƙaƙen jaridun ne ke sauka daga takarda. Suka gangaro ta ƙafafun 'yan kallo kamar tururuwa, suka yi layi, suka sake hawa, kowane ya nemi sabon wuri. Wanda ke cikin hoton ya ajiye jaka, ya juyo. Fuskata ce, da ƙulu a goshi.

Aka hura usur. Babu ci.

Kyaftin ɗin Ƙasar Gobe ya zo har raga da jaridarsa, yana dubawa yana sake dubawa. Ya ce tun da aka kafa ƙasarsu ba a taɓa sa su gyara jiya ba, yanzu sai sun koma sun sake yin bikin da suka riga suka yi. Ya nemi ya gaisa da ni. Na ce ya yi haƙuri, ba a ɗauke gora ba tukuna.

Ɗan'azumi ya taso yana kakkaɓe ciyawa. Ya taɓa ƙulun goshina da yatsa, ya ce daga yau duk wanda ya zagi turken nan shi ya zaga, amma dai a saya mini takalmi, ƙasa guda ba za ta shiga zagaye na biyu da turke ba takalmi ba. Oga Lurwanu ya zo ya ƙwanƙwasa kafaɗata da guduma sau biyu, yadda yake yi in yana gwada haɗi, ya gyaɗa kai ya wuce. Aka kawo kabewa ta biyar. Aka sa takenmu, mutum dubu arba'in suka rera shi da sauti, har 'yan filin sama suka tsaya suna saurare kai a ƙasa.

Ni layi na goma sha biyu nake kallo.

Inna ta ajiye wuƙa. Ta karkaɗe zaninta, ta ɗauki faranti da 'yar kujerarta, ta fara saukowa. Mutane na ba ta hanya. Ta iso bakin fili, ta bi ta bayan raga. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya wajen Baba Mantau ta gaishe shi da aiki, ta tambaye shi wuya, ya ce da sauƙi. Sannan ta juya ta fuskanci gidan sauro, ta gyara masa wani gefe da ya naɗe, ta yi magana da shi.

"Na hagun nan ma dai bai yi laifi ba."

Ta wuce abinta.

Na ji tsawona ya ƙaru har gora ta karkace ta ɗaya gefen, sai da Baba Mantau ya ce in rage, wuyansa ɗaya ne.

Jar akuya ta iso da fayil a baki. Ta ce zagaye na gaba sai bayan kwana huɗu, kuma a ƙa'ida turaku ba sa barin fili kafin nan, sai dai in ina da uzuri ta rubuta. Ta ciro biro tana jira. Na ce ba ni da uzuri, ranki ya daɗe. Ta buga hatimi a goshina, daidai kan ƙulun. Hatimin ya fara ƙara, zirrr, zirrr, ya ƙi dainawa.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Ina kwance a miƙe, hannuwa a jikin cinya, wuyana ya sandare. A tsakar gida Inna na kankare tukunya. Wayata ce a kan siminti take ta zirrr, zirrr, sunan Mudi na haskawa, kowace girgiza tana matsar da ita kaɗan kaɗan wajen ƙofa.

Na bi ta da ido. Na bar ta ta yi yawon.